Yadda ake koyon daidaito a kan keken tirayal ga wanda ya fara yanzu

Duk wanda ya taɓa kallon bidiyon Danny MacAskill, gwanin wasan keke ɗan Sikotlan, ɗin nan na 2009 da aka ɗauka a birnin Edinbura, inda yake tafiya da keke a kan tsinin shingen ƙarfe, abin da ke fara zuwa masa a rai shi ne tsalle, wato yaushe ni ma zan iya ɗaga keke in hau katanga. Toh ɗan'uwa tsallen nan duk ƙarshen zance ne, farkonsa shi ne ka iya tsayawa cak a kan keke wuri ɗaya ƙafarka bata taɓa ƙasa ba, kuma anan ne mafi yawan mutane suke gajiya su bari tun kafin su ɗanɗani daɗin wasan. Shi wasan tirayal na keke, wato hawa da tsallake duwatsu da shingaye da keke ba tare da sauke ƙafa ba, asalinsa daga yankin Kataloniya ne a ƙasar Sifen, wani mai wasan tirayal na babur da ake kira Pere Pi shi ya nemi hanyar da ɗansa Ot Pi zai koyi dabarun a kan keke tun yana ƙarami, daga baya yaron ya zama zakaran duniya ba sau ɗaya ba. A gasa ba gudu ake dubawa ba, ana baka minti 2 ne ka ratsa wani sashen fili mai duwatsu da gungume da kankare, duk sanda ka sauke ƙafa ƙasa an rubuta maka laifi, idan laifin ya kai 5 ka fita daga wannan sashen. Kaga kenan wasan gaba ɗayansa akan daidaito aka gina shi.

Abin da nake so ka riƙe tun yanzu shi ne, wanda kake gani ya tsaya kamar an dasa shi ba a tsaye yake ba. Faɗuwa yake ɗan yi yana gyarawa, faɗuwa yana gyarawa, sai dai gyaran nasa ƙanana ne sosai ido baya kamawa. Sabon shiga yana ƙanƙame keke ya sandare jiki ya riƙe numfashi yana jiran kar ya faɗi, shi kuwa wanda ya iya ya saki jiki yana barin keken ya motsa a ƙarƙashinsa. Duk matakan da zan kawo wannan abu ɗaya suke koya wa jikinka.

Da farko gyara keken. Ba sai ka mallaki keken gasa ba, waɗancan masu taya inci 20 ko inci 26 da ko sirdi basu da shi, ko na kan titi mai inci 24 irin na MacAskill. Keke mai giya na hawan dutse irin wanda ake samu a gwanjo ya isheka koyon duk abin da ke cikin rubutun nan, ƙaramin keken wasan nan da ake kira BMX ma ba laifi idan birkinsa biyu suna ci. Wanda bazan baka shawara ba shi ne babban keken nan irin na da mai birkin ƙarfe, yayi nauyi, kansa ya lanƙwaso baya, birkin kuma baya kamawa nan take. Ka sauke sirdi ƙasa iya inda zai sauka domin a tsaye zakayi komai kuma kana buƙatar fili tsakanin cinyoyinka da keken zai riƙa karkata. Ka sa giya mara nauyi amma ba ta ƙarshe ba, 'yan gasa masu inci 26 da yawa suna amfani da giya mai haƙora 18 a gaba wajen feda, 15 a tayar baya, wato kusan juyi ɗaya na feda juyi ɗaya da ɗan ɗoriya na taya, ka nemi wadda tayi kusa da haka a naka keken. Idan giyar tayi nauyi zaka taka keken bai amsa da wuri ba, idan tayi sakayau kuma ƙafarka zata zurma ƙasa kafin taya ta motsa.

Birki kuwa kada kayi wasa da shi. Ka kai wa mai gyara ya canza robar birki idan ta cinye, ya ja waya, ya duba rim ko ya karkace, ka goge rim ɗin tas kada mai ya taɓa shi. Masu gasa har gurza rim suke da injin gurza ƙarfe don birki ya kama gam, kai baka kai nan ba tukuna, abin da kake buƙata kawai idan ka matse da yatsa ɗaya taya ta tsaya. Eh yatsa ɗaya, manuniya. Ka sassauta hannun birkin ka matsar da shi ciki har ya zamana ƙarshensa ne yake daidai da manuniyarka, sauran yatsu huɗu suna riƙe da kan keke. Iskar taya ka ɗan rage ta yadda idan ka danna da babban yatsa zata ɗan lotsa, taya mai laushi tafi shimfiɗuwa a ƙasa kuma tafi yafiya, amma kar ka rage da yawa don rim zai cije tub a bakin kwalbati ya huda shi wuri biyu, kullum kana wajen mai faci. Feda mai faɗi, takalmi mai shimfiɗaɗɗen ƙasan roba, banda silifas dan Allah. Hular kwano a kai. Ƙwauri kuma ka rufe shi ko da da irin abin da 'yan ƙwallo ke sawa a cikin safa, don feda idan ta kuɓuce maka ƙwauri take nema, kuma raunin nan yana daɗewa bai warke ba.

Mataki na gaba ka gano ƙafarka ta gaba. Ka sami ɗan gangare ka miƙe tsaye akan feda ka saki keken ya gangara ba tare da tunani ba, fedojin biyu a kwance daidai da juna ɗaya gaba ɗaya baya, sai ka duba wace ƙafa ce ta tafi gaba da kanta. Kayi sau uku ko huɗu. Wadda take yawan zuwa gaba ita ce taka, ba ruwanta da ko kai bahago ne ko badame, akwai masu rubutu da dama amma hagu ce ƙafarsu ta gaba. Da ita zaka koyi komai a watannin farko.

Tsayuwar kanta ga yadda take. Tudun tafin ƙafa, wajen gindin yatsu, shi ke kan tsakiyar feda. Gwiwa a ɗan lanƙwashe kuma a buɗe, kar ka matse keken da cinya. Ƙugu a saman tsakiyar keke, kafaɗu sun ɗan leƙo saman kan keken, gwiwar hannu ba a kulle ba. Nauyinka a ƙafa yake ba a hannu ba, hannu aikinsa jagora ne kawai. Ido kuma, wannan shi ne wanda kowa ke karyawa, kar ka kalli tayar gaba. Ka zaɓi wani abu da baya motsi kamar taku uku ko huɗu a gabanka, dutse ko tsagar siminti, ka kafa masa ido. Kai yana da nauyi, inda ka sunkuyar da shi nan jiki zai bi, kuma taya tana motsi, idan ita kake kallo ƙwaƙwalwarka bata da tsayayyen abin da zata auna karkatar jikinka da shi.

Kafin tsayuwa cak sai ka koyi tafiyar hawainiya. Ka ja layi biyu da alli ko gawayi a kan siminti, tsawon taku goma, faɗin kamar kamu biyu, ka bi tsakaninsu a tsaye a hankali iya yadda zaka iya, burinka shi ne ka daɗe kafin ka kai ƙarshe. Kar ka riƙa juya feda zagaye cikakke, ka ɗan taka kaɗan ka mayar da ita baya ta dawo daidai, ka sake ɗan takawa ka mayar, kamar mai aiki da jak, birki kuma kana ɗan shafa shi ba matsewa ba. Idan kuna da yawa kuyi gasa, wanda ya zo ƙarshe shi ya ci, yara suna son wannan sosai. Bayan nan ka ajiye robar ruwa biyu ka riƙa zagaya su kamar lamba 8 kana matse da'irar kullum. Kwana uku zuwa sati kana wannan zakaji ka fara ɗan tsayawa na daƙiƙa ɗaya biyu ba tare da ka shirya ba, toh ƙofar ta fara buɗewa.

Akwai ɗan taimako da bango zai maka a nan. Ka tura tayar gaba ta tokari bango ko gefen kwalbati, ka miƙe ka danna fedar gaba ta yadda tayar zata manne da bangon, ka tsaya. Wannan zai koya maka yadda matsin feda yake riƙe keke da kuma gyara da ƙugu da gwiwa. Amma kar ka zauna a nan fiye da kwana biyu uku, jiki yana saurin sabawa da jingina.

Yanzu ga babban darasin, tsayuwar cak, wadda Turawa ke cewa tirakstan saboda asalinta daga masu tseren keke na cikin fili ne da suke tsayawa don su tilasta abokin karawa ya wuce gaba. Ka nemi wuri mai ɗan tudu kaɗan, irin hawan ƙofar gareji ko gefen titin da ba mota inda kwalta ta ɗan karkata don ruwa ya gangara, ba tudu sosai ba, wanda dai idan ka saki keke zai ɗan koma baya da kansa. Ka taho a hankali kana fuskantar hawan, fedoji a daidai, ƙafarka ta gaba a gaba. Ka bari gudun ya mutu da kansa. Dab da zai tsaya sai ka karya kan keken zuwa ɓangaren ƙafarka ta gaba, kamar rabin kwana, digiri 30 zuwa 45, ka juya kafaɗunka su bi kan keken su yi layi ɗaya da shi. Idan dama ce ƙafarka ta gaba, taya ta kalli dama kuma ya zamana tudun ta nan yake. Akwai waɗanda suka fi jin daɗin karya kan zuwa ɗaya ɓangaren, ba haramun bane, amma ka fara gwada wannan.

Ka saki birki gaba ɗaya. Nasan abin da ban tsoro amma birki a wannan matakin shi ke hana mutum koyo. Abubuwa biyu ne suke ja-in-ja yanzu, ƙafarka tana tura keke gaba, tudu yana turo shi baya, kai kuma kana tsakiya kana sulhu. Ka ɗan danna feda keke ya matsa gaba ɗan yatsa biyu, ka sassauta ya dawo baya ɗan yatsa biyu, gaba baya gaba baya. To me yasa hakan yake hana faɗuwa? Saboda tayar a karye take, idan ta matsa gaba ba gaba kawai take zuwa ba harda gefe. A ce taya ta kalli dama, kaji kana rinjaya dama, sai ka danna feda tayar ta shigo dama ta tare ka a ƙarƙashi. Kaji kana rinjaya hagu, sai ka sassauta keken ya koma baya, tayar ta koma hagu ta tare ka. Shikenan sirrin, babu wani abu bayan wannan. Kamar yadda yaro ke ɗora sanda a tafin hannu yana bin ta da hannun duk inda ta karkata, ba sandar yake riƙewa ba gindinta yake matsarwa.

Komawar keken baya ɗin nan ita ce mai wuya, domin tun muna yara jikinmu ya saba keke gaba kawai yake tafiya, da zarar ya fara ja baya sai ƙafa ta sauka da kanta kafin ma kayi tunani. Maganinsa ka ware kwana biyu kana yin wannan kaɗai, ka hau tudun ka tsaya ka bari keken ya koma baya taƙi ɗaya da gangan sannan ka taka ka wuce, ka zagayo ka sake. Kar ka cire ƙafa daga matsin gaba ɗaya, rage shi zakayi, fedar ta riƙa turo ƙafarka sama a hankali kana jin sarƙa a miƙe koyaushe. Idan sarƙa ta saki, sanda zaka sake dannawa akwai ɗan gibi kafin firiwil ya kama, a cikin gibin nan ake faɗuwa. Kuma kayi numfashi, da gaske nake, mutane da yawa suna sauke ƙafa a daƙiƙa ta goma ne kawai don iska ta ƙare musu. Wata dabarar, duk sanda kaji zaka faɗi kar ka sauke ƙafa, ka taka feda ka tafi ka zagayo. Kana koya wa jikinka cewa mafita tana feda ba a ƙasa ba, kuma ranar da kake saman bulo wannan sabo da kayi zai maka rana.

Idan kana iya daƙiƙa 30 a tudu sau da yawa a jere, ka koma shimfiɗaɗɗen wuri. Anan babu tudun da zai turo ka baya, kai zaka samar da shi. Ka ɗan taka gaba, ka matse birkin gaba kaɗan jikinka ya ɗan tafi gaba, sai ka saki birkin daidai lokacin da kake mayar da ƙugu baya, keken zai biyo ka. Lokacin sakin shi ne komai, idan ka makara babu abin da zai motsa. Da farko ka nemi 'yar tsaga ko ɗan tudun siminti ka jingina tayar gaba a kai, yana taimakawa.

Daga nan sai gyara da birki a kulle, wanda shi akafi amfani da shi a kan duwatsu inda babu filin da taya zata gangara. Ka matse birki biyu gam, kan keke a miƙe. Ka kai nauyi gaba tayar baya ta ɗan tashi, ka ajiye ta ɗan gefe inda kake rinjaya, ka kai nauyi baya tayar gaba ta ɗan tashi ita ma ka ajiye ta gefen, kamar lilo. Ba tashi sosai ba, tsayin yatsa ɗaya ya isa, ƙananan ɗagawa sun fi manya amfani kuma basa cin ƙarfi. Sai kuma ɗan tsalle da tayoyi biyu lokaci ɗaya, ka danna jiki ƙasa tayoyi su lotsa, ka bari su turo ka sama, yatsun ƙafa sun ɗan kalli ƙasa kana tura fedoji baya da tafin ƙafa don su manne maka, ka sauka ɓangaren da kake faɗawa. Gargaɗi ɗaya anan, tsallen nan yana da sauƙin koya fiye da tsayuwar cak, shi yasa wasu suke gudu zuwa gare shi su riƙa dira kamar kwaɗo babu tsayawa, minti ɗaya hannu ya mutu numfashi ya ƙare. Kayi tsalle biyu ko uku ka gyara, ka tsaya shiru, sai ka sake idan da buƙata. Ka kalli manyan 'yan gasa zakaga yawancin lokacinsu a tsaye suke suna hutawa suna duba inda zasu dira.

Siririyar hanya kuma ka fara da layin alli, sai katako mai faɗin tafin hannu biyu a kwance a ƙasa, sai ka ɗora shi kan bulo ɗaya idan ya daina baka tsoro. Ka kalli ƙarshen katakon ba gabanka ba, ka shiga da ɗan gudu kaɗan don tafiya a hankali sosai tafi wuya, kuma maimakon ka juya kan keke ka gyara da gwiwa, ka buɗe ta waje ɓangaren da kake so nauyi ya koma, keken ya karkata ƙarƙashinka jikinka yana tsaye. Ka tabbata katakon baya rawa kuma babu ƙusa.

Tun kana ƙasa ka koyi sauka. Idan zaka faɗi gefe ka tura keken ɗaya ɓangaren ka dira da ƙafa, kar ka miƙa hannu a sandare ka tari ƙasa da shi, wuyan hannu da ƙashin kafaɗa anan suke karyewa. Idan ka fara ɗaga tayar gaba, kayi ta gwada direwa ta baya da ƙafa biyu kan keken na hannunka har ya zama baka tunani, kuma manuniya kullum tana kan birkin baya don matse shi ne ke dawo da tayar gaba ƙasa. Tsalle akan tayar baya kaɗai, wanda kowa ke ɗoki, ka bari sai kana iya minti ɗaya a tsaye a shimfiɗaɗɗen wuri kuma kana iya lilo ba tare da ka rikice ba.

Maganar lokaci, minti 15 zuwa 20 kullum yafi awa uku ranar Lahadi nesa ba kusa ba. Daidaito ba ƙarfin dantse bane, jijiyoyi ne da ƙwaƙwalwa suke koyo, kuma idan ka gaji sai ka fara maimaita kuskure jiki ya haddace shi. Zaka lura wani abin da ya gagare ka yau, ka kwana ka tashi gobe sai ya zo da sauƙi. Da sassafe ko bayan la'asar yafi, rana tsaka siminti yana zafi gumi yana sa hannu santsi. Ka riƙa ƙirga daƙiƙoƙinka kana rubutawa a waya, domin akwai satin da zakaji kamar baka gaba, sai ka duba kaga wancan satin 8 kake yi yanzu kana 14. Ka jingina waya ta ɗauke ka bidiyo daga gefe ko ka ba wani ya ɗauka, zakaga kanka a sunkuye ko ƙugu ya tafi baya alhali kai a ranka ka miƙe daidai. Idan wuyan hannu ko bayanka ya fara ciwo irin na sara ba na gajiya ba, ka huta kwana biyu ka duba ko kana jibga nauyi a hannu ne.

Bayan wata ɗaya ko biyu idan tsayuwar ta zauna, ka juya komai. Ka karya kan keke zuwa ɗaya ɓangaren da ƙafarka ta gaba yadda take, sannan daga baya ka sauya ƙafar ma. Zakaji kamar ranar farko ka dawo, daƙiƙa biyu ka sauka, amma dutse baya tambayarka ɓangaren da ka fi so kafin ya karkata, don haka ka riƙa ba wannan ɓangaren minti biyar na farkon atisayen kullum tun jiki bai gaji ba, sauran lokacin ka koma wanda ka saba. Daga nan ka fara canza ƙasar ma, yau siminti gobe tsakuwa jibi ciyawa, ka gwada tayar gaba a saman bulo ta baya a ƙasa, sannan ka juya ta baya a sama ta gaba a ƙasa, wannan ta biyun nauyi yana taruwa a hannu sosai don haka ka tura ƙugu baya ka riƙe birkin gaba da kyau kafin ka saki na baya.